Hajiya Ta Wanke Tano

Duk unguwar Banifandou an san Hajiya Salamatu da tsabta, irin mai wuce gona da iri. Shekara goma ba ta ga-maciji da maƙwabciyarta Kadi, a kan kwatamin gidan Kadi da ke malalowa titi.

Sai ga ƴarta Nafissa, mai karatun injiniya, ta jera tano uku, irin manyan gangunan nan na tara ruwa, a bayan gida, ta zuba musu tsakuwa da yashi da gawayi. Ruwan wanke-wanke ya shiga baƙi ƙirin, ya fito garau ya shayar da zogale. A tanon ƙarshe ta tsoma ƴar na'ura mai aika wa wayarta labarin ruwan. Saura mako biyu malamanta su zo dubawa, kuma a kan aikin nan diflom ɗinta ya rataya.

Hajiya kuwa da wuri take shirin baƙi. Ta ɗaga murfi, ta ga tsakuwa ta yi yauƙi. Tir! Ta ci ɗamara, ta dirje da soso, ta juye jabel, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, kwalba guda.

Kafin la'asar Nafissa ta faɗo gida, waya na ta kuka a hannunta.

"Inna, me kika zuba?"

"Dauɗar da kika bari na wanke miki. Ba sai kin gode ba."

Nafissa ta zauna daɓas. "Yauƙin nan ai su ne ma'aikatan, Inna. Ƙananan halittu ne masu cinye dattin. Wata biyu ina kiwonsu."

Tausayin ƴarta ya kama Hajiya. "To ina ake sayen wasu?"

"Ba a sayarwa. Sai a ɗebo iri daga tsohon kwatamin da bai taɓa ganin jabel ba."

Duk layin kuwa kwatami ɗaya ne haka.

Hajiya ta yafa mayafin zuwa biki, ta ɗauki bokiti. Ta yi sallama, ta gaida Kadi har da su ina gajiya, sannan ta faɗi buƙatarta da ƙyar.

Kadi ta dubi bokitin. "Wanne, Hajiya? Wanda kika ce zai kashe unguwa?"

"Shi."

"Ɗebi, amma a hankali. Shekara goma ina tarinsa."

Ranar dubawa waya ta yi tsit, ruwa garau, Nafissa ta ci. Babban malamin ya tambaya ina aka samo iri mai kyau haka. Kadi, wadda ba wanda ya gayyata, ta gyara ɗankwali.

"Gidana, malam. Hajiya da kanta ta zo roƙo."