Tsinken da Na Karya wa Bambo Kadzuwa

Ranar da na je asibitinmu karɓar maganin hawan jini, sai na ce bari in leƙa tsohon ɗakina na masu karaya. Kai, da na sani da ban leƙa ba. An shafe shi da farin fenti, an jera tebura da kwamfutoci, wata yarinya mai farin kaya har tana tambayata, "Agogo, wa kike nema?" Agogo, wato kaka a yarenmu. Ni Sista Nankhoma da na tsufa a ɗakin nan, wai yau ni ake tambaya wa nake nema. Na ce mata ba kowa, na juyo abina raina a ɓace.

A zamaninmu, idan ƙashin cinyar mutum ya karye, rataye ƙafar muke yi. A soka ƙarfe a ƙwauri, a ɗaura igiya, a sagala ta a ƙarshen gado, a ɗaure mata buhun yashi, mutum ya kwanta rigingine wajen wata biyu har ƙashin ya haɗe. Wahala ce, ban musa ba. Amma ɗakin nan gari ne guda. Matansu na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gadaje, su tuƙa nsima, tuwon masararmu, a bayan katanga su shigo da ita tana tururi, ga miyar ganyen kabewa, ga ƙananan busassun kifi. Ana miƙa allon bawo, darar nan tamu mai ramuka, daga gado zuwa gado, ana cin juna ana zage-zage. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ake kira mai gari, shi ke raba faɗa, shi ke haddasa shi kuma. Har yau in na ji ƙamshin kifin nan a wuta sai kewar ɗakin ta kama ni.

Ana nan sai Dokta Mvula ya zo mana da bincike. Mutumin arewacin ƙasarmu ne, ba ɗan ƙabilarmu ba, ga haƙuri ga taurin kai. Wai akwai sabuwar hanya, a yi wa mutum aiki a zura sandar ƙarfe a cikin ƙashin, ya miƙe cikin 'yan kwanaki. Sai dai ba wanda ya san ko a ƙaramin asibiti irin namu aikin zai yi kyau, ko kuwa ciwon zai riƙa ruɓewa. Don haka duk wanda ya yarda ya shiga, ƙuri'a ce ke raba masa, ko sanda ko buhun yashi. Sandunan kuwa na binciken ne, ba mu da wasu. Ni aka ɗora wa auna ƙafafu da bibiyar mutane bayan an sallame su.

Bayan girbi, cikin sanyin nan mai fasa leɓe, aka kawo Bambo Kadzuwa a amalanken shanu. Dattijo ne siriri, ya ciji haƙora, ko nishi bai yi ba. Matarsa, Mayi Nangondo, na biye da ƙunshin tukwane a ka. Mu nan Bambo muke ce wa magidanci, mace kuma Mayi.

Na ce, "Bambo, me ya same ka?"

Ya ce, "Daga bishiyar mangwaro na faɗo."

Mai garinmu na lokacin, Bambo Chikuse, wani direba mai bakin tsiya, ya ɗago kai daga matashi. "Mangwaro a wannan watan? Yo ko fure bai gama ba. Ɗan'uwa, ka tsinko mana ko guda ɗaya dai?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Chikuse ya ƙara, "Bishiyar nan tana da tsawo ko? Hala har tafiya take yi?"

Na daka masa tsawa na ce in bai rufe bakinsa ba zan ƙara masa yashi a buhu. Da na zo wanke sabon baƙon, sai na ga toka da jar ƙasa a bayan kunnuwansa, ga kantar igiya a ƙwaurinsa duka biyun, tsohuwar kanta ta shekara da shekaru. Na goge tokar kafin wani ya gani.

Mu nan idan mutum ya rasu, dodanni ne ke fitowa daga kurmin maƙabarta su yi rawa su raka shi. Ba a cewa mutane ne a ciki. Ko mijinki ne, ko kin gane yatsun ƙafarsa, ke dai ki yi waƙa ki tafa. A cikinsu akwai Makanja, dogon nan mai tafiya a kan ƙafafun itace, wanda ke leƙa saman rufin ɗaki. Ni ban ce na san wanda ke hawansu ba, na dai faɗi abin da na wanke.

Da Dokta ya gama yi masa bayani, Kadzuwa ya ce, "Wanne ne ba ya rage tsawon ƙafa?"

Dokta ya ce, "Muna zaton sandar, amma abin da muke son tabbatarwa ke nan. Ratayewa kan rage ɗan kaɗan. Mene ne aikinka, Bambo?"

"Noma."

"To ai ba zai hana ka riƙe fartanya ba."

Kadzuwa ya dubi matarsa, ya ce ya yarda. Aka ja ƙuri'a, ta faɗa kan buhun yashi.

Da la'asar na tarar da Mayi Nangondo a bakin famfo tana wanke tukunya. Sai a lokacin na lura da yadda ta rame, ga tari na tuƙe ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi tashi.

Ta ce, "Sista, ke 'yar nan ce, ba sai na yi miki dogon zance ba. Makanja ya raka uwata, ya raka ubana. Duk ƙauyukanmu shi kaɗai ya rage, samari sun tafi birni, ba wanda ya koya. An ce idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, Makanja ba ya iya tsayuwa." Ta yi tari ta goge baki da gefen zane. "Ni kuma kin ga yadda nake. Wa zai raka ni?"

Wayyo, maganar nan ta soke ni. Ko hula ban gyara ba na faɗa ofishin Dokta, na ce a canja wa Bambo Kadzuwa, a sa masa sanda.

Ya ce, "Ba ni dalili, Sista."

Ta yaya mace za ta furta sirrin dodanni, kuma ga baƙo? Na ce, "Dalili dai akwai."

Ya ce, "Kowa a ɗakin nan yana da dalili. In na canja wa mutum ɗaya don tausayi, duk waɗanda suka yarda suka kwanta sun kwanta a banza, ba za mu taɓa sanin gaskiya ba."

Na ce masa zuciyarsa ma sandar ƙarfe aka zura mata, na fito na bugo ƙofa. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarsa sai da ka. Gaskiyarsa ce, na san haka tun a ranar, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi.

Sai na mayar da fushina kan buhun yashin. Kullum ina wurin, in duba igiya, in gyara kwanciya, in ƙara yashi in rage. Chikuse ya ce, "Sista, mu namu buhunan marayu ne? Ko sai mun faɗo daga mangwaro?" Shi kuwa Kadzuwa bai daɗe ba ya cinye ɗakin kaf a bawo. Idan rediyo ya sako kiɗa, sai in ga yatsun lafiyayyar ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin bargo, Mayi Nangondo ta ɗan mare su tana murmushi. Ita ke ba shi nsima a baki kamar amarya da ango, 'yan ɗaki na yi musu shewa.

Duk da haka, ranar da aka kwance igiya na auna, ƙafar hagu ta gajarce kamar faɗin yatsu biyu. Na sake aunawa. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Ya ce, "Nawa ta rage? Kar ki faɗa min da lissafin boko, nuna min."

Na zaro tsinke daga tsintsiyar ɗakin, na karya daidai tsawon, na ba shi. Na ce ya kai wa baduku ya ƙara wa takalmin hagu tudu. Ya juya tsinken, ya ƙulle shi a bakin hankici, ya yi godiya.

Da ya dawo a duba shi bayan damina, ga shi nan yana ɗingishi, da takalman taya iri ɗaya sak, ba tudu ba komai.

Na ce, "Haba Bambo! Ina tsinken? Sakace ka yi da shi? So kake bayanka ya karkace in sake ganinka a gado?"

Ya ce, "Yana nan, Sista. Badukun ne bai gama ba."

Na tambaye shi jikin Mayi Nangondo, ya ce tana kwance.

Binciken ya ƙare, sanda ta yi nasara, har aka buga a takardun likitoci. Gajeriyar ƙafar Kadzuwa na cikin abin da ya tabbatar da hakan, ita da na su Chikuse. Yanzu jikokinsu kan karye yau, mako mai zuwa suna gida. Na yi murna, ba ƙarya. Amma a kan idona gadaje suka yi ta zama wayam, aka zubar da yashin a bayan katanga, allon bawo ma ban san wanda ya ɗauke ba.

Da rani ya zagayo bayan zuwan nan nasa, saƙo ya iso cewa Mayi Nangondo ta cika. Na ɗaura zane na hau mota zuwa ƙauyensu.

Rana ta take, ana kiɗa, mu mata muna waƙa a ƙofar ɗakin da gawar take. Dodanni suka fito, masu gashin tsuntsu, masu tsumma, suka tayar da ƙura suka koma. Ban ga mijin mamaciyar ba, ba kuma wanda ya tambaya. Tsohuwar da ke kusa da ni ta raɗa min, "Makanja dai an daina ganinsa. Baiwar Allah, a haka za ta tafi." Maza har sun fara matsowa don ɗaukar gawa.

Sai kiɗa ya canja. Yara suka watse da gudu. Na ɗaga kai, ga farar fuska can sama da rufin rumbuna, tana tahowa daga wajen kurmi.

Taku yake yi ɗaya bayan ɗaya, a miƙe sak, ko alamar ɗingishi babu. Ni dai ƙafar hagu nake kallo. Da tsumman ya ɗage sai na gani. Itacen ya yi baƙi don tsufa, amma a wurin da ake ɗora tafin ƙafa an ɗaure wani sabon guntu fari tas, kaurinsa faɗin yatsu biyu. Ashe badukun ke nan.

Ya zagaya fili, ya juya, ya yi rawar da tun ina yarinya ban ga irinta ba. Sannan ya zo ƙofar ɗakin ya sunkuyo, ya ɗora tafin hannu a kan jinka, ya daɗe a haka. Na bar waƙar, sai tafi kawai nake hawaye na zuba. Da aka ɗauki gawar, shi ya shige gaba har bakin kurmi.

Da yamma na je yin sallama. Na tarar da Bambo Kadzuwa zaune a tabarma ya miƙe ƙafar hagu, gwiwar ta kumbura suntum. Na durƙusa.

Na ce, "Sannu da haƙuri, Bambo. Makanja ya zo ba ka nan."

Ya ce, "Haka na ji. Yaya tafiyarsa, Sista? Ke kin san ƙafa."

"Daidai take. Ko ɗingishi babu."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Ta ce in dai zai yi ɗingishi a gaban mutane gara ya zauna." Ya kwance bakin hankici ya miƙo min tsinken. "Ungo kayanki. An ce wannan ce fitarsa ta ƙarshe."

Na karɓa da hannu biyu, na ce ya riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.