Inda Aka Ɗinka Fuskar Agosu

Duk zaɓe, 'yan takara a nan Porto-Novo suna raba atamfa mai hotonsu, mu teloli kuma mu yanka yadda fuskar za ta faɗo a ƙirji. Ranar Talata Mama Akuavi mai kifi ta shigo shagona tana jan ƙafarta da ta kumbura, ta ajiye turmin Agosu, ɗan majalisarmu.

Ta ce, "Siket nake so, ɗana. Fuskar ta koma baya."

Na ce, "Mama, ai zama za ki yi a kansa."

Ta ce, "Na sani. Shi ya yi alkawarin ƙaro mana likita. Tun safe har la'asar nake yini a bencin asibitin nan. Gara ya zo mu jira tare."