Ƙafar da Sahabi Ya Yafe

Wata bakwai inshora ta yi tana biyan kuɗin jinyar Hasiya, a na takwas aka ce kuɗi sun ƙare. Ma'aikacin kamfanin ne ya kira yayanta Sahabi a waya, da murya mai laushi kamar mai yi masa barka da sallah, ya ce akwai iyakar abin da ake biya wa fasinja ɗaya, kuma an kai iyakar. Sahabi ya ce to, na gode. Har da godiya fa!

Hasiya bandan kifi take sayarwa, da shi take riƙe marayunta uku. Ta taso daga Wara da kwalayenta za ta ci kasuwar Yelwa, tayar bas ta fashe, motar ta ƙwace ta faɗa rami. Cinyarta ta dama ta karye gida biyu, aka sa mata ƙarfe. Ƙashi ya kama, amma wurin ya ƙi warkewa, kullum yana ruwa. Yanzu likita ya ce sai an sake aiki an cire ƙarfen cikin wata guda, in ba haka ba ƙafar ce za a yanke.

Abin da ke cin Sahabi kuwa ya fi rashin kuɗin. Kwana uku da haɗarin, Hasiya na kwance a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba, mai motar, Alhaji Shamsuddeen, ya zo jaje gidan Inna da liman da mai unguwa. Zaure ya cika maƙil. Direban na rakuɓe a gefe da bandeji a ka, yana sharar hawaye. Alhaji da bakinsa ya ce, "Duk abin da ya wuce na inshora, ku faɗa mini, ni zan ɗauka."

Nan ne fa Sahabi ya gyara zama. Wa ya aike shi? Babu. Ya dubi idanun da ke kansa, ya ji kansa ya yi girma, ya ce, "Haba Alhaji! Ƙaddara ce. Mun yafe, duniya da lahira, ko kwabo ba mu so."

Aka yi kabbara. Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce ɗan halak ke nan. Washegari ya je wurin 'yan sanda ya sa hannu a takarda cewa magana ta mutu. Mako guda ana ba da labarinsa a bakin ruwa, inda yake ɗaukar fasinja a jirginsa, shi kuwa yana sunkuyar da kai yana jin daɗi. Wallahi ya ji daɗi, kuma wannan daɗin ne yanzu ya tsaya masa a wuya.

Da inshora ta janye, bai faɗa wa kowa ba. Ya kwance injin jirginsa ya sayar, ya koma yi wa wasu lodi. Kuɗin suka tafi a wankin ciwo da allurai da kuɗin mota zuwa asibiti, wata biyu suka ƙare tas. Duk lokacin da Hasiya ta tambaya, sai ya ce inshora ce. Ita kuma ta ɗaga hannu ta sa wa kamfani albarka, shi yana tsaye yana cewa amin.

Ran nan bayan la'asar ya shigo ya same ta a ƙarƙashin rumfa, ta miƙe ƙafar a kan tabarma, ta rufe ta da zane saboda ƙuda. Warin ciwon ya kai har bakin ƙofa, amma a gidan kowa ya koyi yin kamar bai ji ba. Inna na gefe tana tsince shinkafa.

"Yaya, zauna," in ji Hasiya, fuskarta a sake, abin da ya daɗe bai gani ba. "Wata mata munka haɗu da ita a layin likita. Ita ma mota ce ta karya ta. Ta ce in na inshora ya ƙare, mai mota ne ke cikawa. Ni na san na inshora ba zai kai ga wannan aikin ba, kuma kowa ya san Alhaji Shamsuddeen mutumin kirki ne. Gobe ka je ka same shi."

Sahabi ya dubi Inna. Inna ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki, don ranar jajen tana bayan labule, ta ji komai.

"Ba zai yiwu ba," ya ce.

"Don mi?"

Ya so ya ce Alhaji ya yi tafiya. Ƙaryar har ta zo bakinsa, sai ya ga ƙuda ya sauka a kan zanen, Hasiya ta kore shi da mafici ba tare da ta duba ba. Ya durƙusa a gabanta, ya faɗa mata duka, tun daga zaure har takardar 'yan sanda, har injin jirgi. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

Ya yi fatan ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Shi ya ce zai biya?" ta tambaya.

"Ya ce."

"Kai kuma ka ce ka yafe."

"Na ce."

"Sun yaba maka?"

Hawaye suka zubo masa.

"Ƙafar tawa ce, Yaya," ta ce a hankali. "Ina kwance a nan kusa, ba mutuwa na yi ba. Da kun jira na farka."

"Zan sayar da jirgin ma, Hasiya. Zan nemo rance. Ni dai kada a ce na koma na lashe amaina a gaban liman."

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya tsani kansa. Har yanzu ta sunansa yake yi.

"Maganarka na nan, ba mai taɓa ta," in ji Hasiya. "Ni ce ban yi tawa ba. Je ka tsayar mini da keke mai ƙafa uku, yanzu zan je gidan Alhaji. In kunya kake ji, ka tsaya a ƙofa."

Ta jawo mayafinta ta fara ƙoƙarin tashi, tana cije leɓe. Ya kai hannu zai tallafe ta, ta bar shi ya riƙe, don ba yadda za ta yi.

"Hasiya, don Allah ki yafe mini."

Ta tsaya da ƙafa ɗaya, tana haki, nauyinta duka a kan hannunsa.

"Ni ban iya yafiya da sauri irin naka ba, Yaya," ta ce. "Miƙo mini sandata."