Jabbama a Cikin Kwamfuta

Ranar Laraba da hantsi Habibat ta fara ganin sunan. Wata huɗu ke nan da aka ɗauke ta aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Sabon Layi a Mubi, kuma tun ranar da ta zo kwamfutar ɗakin ke gurnani kamar injin markaɗe. Datar da ake sa wa modem ta wata guda, kwana tara take yi. Kowa a asibitin ya san da haka, kowa kuma amsarsa ɗaya: ai haka take.

Wannan amsar ce Habibat ta tsana. Ta danna maɓallai uku tare yadda aka koya musu a makaranta, jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye cikin kwamfutar ya fito. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu ta sani, wasu ta duba a wayarta ta ga na kwamfutar ne. Can ƙasa ta tsaya a kan wani: jabbama.exe. A gefensa lambobi na motsi, alamar yana tura wani abu waje ta intanet.

Jabbama dai kalmar maraba ce da Fillanci, ko ɗan da bai iya yaren ba a Mubi ya san ta. To me take yi a nan?

Ta kashe shi. Kafin ta sauke numfashi ya dawo. Ta sake kashewa, ya sake dawowa. Ta rubuta sunan a intanet, sai aka kawo mata gaisuwar Fulani da hoton wani gidan abinci.

Nan take Sumayyat ta faɗo mata a rai. Sumayyat mai sayar da tuwo ce a bakin tasha, daga ƙauyen Vimtim take zuwa kullum a kan babur da tukwanenta. Makonni uku da suka wuce gwajin jininta ya nuna tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ranar ba ta yi kuka ba. Hannun Habibat ta riƙe ta ce, “Sista, idan 'yan tasha suka ji, ko kyauta na ba da tuwo ba mai ci. Yarana uku.” Habibat ta rantse mata ba wanda zai ji. Sannan ta zauna ta shigar da sunanta da unguwarta da lambar wayarta cikin wannan kwamfutar, domin aikinta ke nan.

Ta tashi ta sami shugaban asibitin, Oga Timothy, yana cin gyaɗa a ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, shekararsa ashirin yana aikin jinya. Ya biyo ta yana karkaɗe hannu, ya sa tabarau, ya duƙa ya karanta. Sai ya fashe da dariya.

“Jabbama! Habibat, wannan ne ya hana ki zama? Abu yana miki maraba kina tsoro?”

“Oga, yana tura abu waje.”

“Ke, kin taɓa ganin bairos ɗin kwamfuta da ya iya Fillanci? Bairos duk na Turawa ne. Wannan namu ne.”

“Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, Oga. Bature bai san kowa a Vimtim ba. Wanda ya rubuta jabbama ya sani.”

Dariyar ta ɗan ragu. Ya cire tabarau ya ce ai Injiniya Mubashshir ne ya haɗa musu kwamfutar shekara biyu da suka wuce, mutumin kirki, maƙwabcinsa. Ya tuna injiniyan ya ce zai sa wani abu a cikinta, ko don ajiye kwafi ne, ko don ya riƙa gyara daga nesa, bai dai riƙe ba.

“An rubuta a wani wuri?”

“Rubuta me? Mutum na sani.”

“Yana ina yanzu?”

“Ya ƙetara Kamaru, ina jin Garwa.”

Suka kira lambarsa. A kashe. Suka kira ta ƙaninsa, ya ce shi ma rabonsa da jin muryarsa tun babbar salla.

Da azahar Habibat ta fita ƙarƙashin darbejiyar tsakar asibiti ta kira Lawali, wanda suka yi makaranta tare, yanzu yana gyaran kwamfuta a kasuwa. Ta karanta masa sunan harafi-harafi.

“Hajiya likita,” in ji Lawali, “wannan ba a littafi yake ba. Wani ne ya sa masa suna da hannunsa. Yana iya zama mai ajiye muku kwafi, yana iya zama ɓarawo. Daga waje kamarsu ɗaya.”

“In goge shi?”

“Kuna da wani kwafin?”

Ta ce babu. Manyan littattafan rajista gara ta cinye rabinsu a sito, an daina cika su tun zuwan kwamfuta.

“To kin gani. In mai ajiya ne kika goge, ranar da wannan tsohuwar kwamfutar ta mutu kun mutu tare. Kawo min ita, awa biyu zan gaya miki ko wane ne.”

Ta koma da saurinta. Oga Timothy ya girgiza kai tun ba ta gama magana ba.

“Kwamfuta mai sirrin marasa lafiya ki kai kasuwa? A'a.”

“To shi ya zo nan.”

“Baƙo ya taɓa ta? Doka ta hana. Sai na rubuta wa kwamitin asibiti.”

“Yaushe za su zauna?”

“Bayan girbi. Yanzu duk suna gona.”

Ta tsaya tana kallonsa. Ga baƙo zaune cikin kwamfutar shekara biyu, ba wanda ya tambaye shi daga ina, amma wanda zai zo da rana tsaka ya duba shi a gaban kowa, shi doka ta hana. Ta faɗa masa haka. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi ma da ya fi mata sauƙi. Ya dafa teburin ya ce, “Ku yaran yanzu akwai zafi. Shekara biyu ba abin da ya faru.”

“Ta yaya muka san ba abin da ya faru?”

Ya ce yana da marasa lafiya suna jira.

Abu ɗaya ya rage a hannunta, ta yi shi. Ta zare modem ɗin ta jefa a aljihun tebur. Lambobin gefen jabbama suka koma sifili. Sunan dai yana nan zaune. Ranar da washegari ta yi aikinta haka, ba intanet, tana jin kamar ta tare ƙofa da bayanta. A tsakani ta buɗe layin Sumayyat ta goge sunan ta sa lamba a madadinsa. Tana gamawa ta ga wautar abin: makonni uku sunan yana nan, in an kwasa an riga an kwasa. Ga kuma sauran sunaye ɗari huɗu da wani abu a sama da ƙasa, daga Kwaja, daga Vimtim, daga layin gidansu ita kanta.

Ranar Juma'a ce ranar tura rahoton wata, kuma sai da rahoton ake aiko musu da magani. Ƙarfe sha ɗaya Oga Timothy ya shigo.

“Ina modem?”

“Oga, mu tura da wayata.”

“Manhajar rahoton a cikin kwamfutar nan take, kin sani. In bai tafi yau ba, wata mai zuwa ba magani. Ki gaya min wa zan ce wa ya koma gida hannu biyu.”

Gaskiya ya faɗa, kuma maganin Sumayyat na cikin wanda za a aiko. Habibat ta buɗe aljihun tebur ta miƙa masa. Shi ya soka da hannunsa. Koriyar fitila ta kama. Rahoton ya fara tafiya a hankali, kashi uku, kashi biyar. A ɗaya gefen allon jabbama ya farka, lambobinsa suka haura da gudu, kamar yana biyan kwana biyun da ya rasa. Ta kashe shi. Ya dawo. Ta kashe. Sau goma sha ɗaya ta ƙirga kafin ta bar linzamin kwamfutar ta ɗora hannuwanta a cinya.

Aka yi sallama a ƙofa. Sumayyat ce, ta zo karɓar maganinta, riƙe da kwano a ɗaure cikin tsumma. Ta jira Oga Timothy ya fita, ta tura ƙofar da ƙafa.

“Sista, ga tuwo na kawo miki, miyar kuka ce. Kin rame, ko aikin ne?”

“Aikin ne, Adda.”

Sumayyat ta ajiye kwanon kusa da kwamfutar, ta rage murya.

“Jiya wani direba ya ce min, kwana biyu ana ganinki a asibiti. Na ce hawan jini ne. Gabana ya faɗi, Sista. Har yanzu daga ni sai ke, ko?”

Habibat ta kalli allon. Rahoton ya kai kashi sittin. Ta nemi amsar da ba ƙarya ba, ta samu guda ɗaya tak.

“Ni ban faɗa wa kowa ba, Adda.”

Fuskar Sumayyat ta washe. “Na sani. Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa min.”

Ta gyara mayafinta ta fita wajen ɗakin magani. Habibat ba ta iya cewa amin ba. Ta zauna, kwanon tuwo na hucewa a gefenta, koriyar fitilar modem tana ƙyaftawa.