Mayafin Ammi

Kwana uku da rasuwar Ammi, Buri, ɓaunar gida da suke kiwo don madara, ta ƙi yarda kowa ya tatse ta. Hantsarta ta kumbura, ta yi zafi. Sau biyu tana harbin Abba, bokiti ya tashi har bakin rijiya.

"Jibi mahauci zai zo," in ji Abba daga kan gadon igiya. "Gara wuƙa da ta ruɓe a tsaye."

'Yarsa Shagufta ta saka farar rigarta ta makarantar kiwon lafiyar dabbobi. Shekara biyu ta yi a birnin Lahor tana koyon aikin taimaka wa likita, ta haddace cututtukan hantsa kaf. Ta auna zafin jikin Buri, ta gasa mata hantsa da ruwan ɗumi, ta yi mata allura. Da ta kai hannu, Buri ta kai mata ƙafa.

"To, likita," in ji Abba, "a wane shafi aka rubuta harbi?"

"Abba, ka bar ni mana!"

"Uwarki ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ba a taɓa harbinta ba."

Maganar ta yi mata ciwo, don gaskiya ce. A nan gindin ɓaunar ta girma, tana kallon Ammi ta jingina goshi da cikin dabbar tana yi mata tsegumin maƙwabta. Ranar da Shagufta ta samu makaranta, kuɗin madarar Buri aka ɗaure mata a bakin zane. Duk hutun da ta zo kuwa sai ta yi wa Ammi gyara: a wanke hannu, a daina surutu da dabba.

Da safe ta cire farar rigar. Mayafin Ammi na nan a ƙusa bayan ƙofa, da ƙanshin hayaƙi da man gashi. Ta lulluɓa, ta tsuguna, ta jingina goshi.

"Buri, kin ji abin da matar liman ta yi?"

Ɓaunar ta shinshina mayafin, ta daɗe, sannan ta saki jiki. Madara ta fara bugun gindin bokiti.

Abba ya fito daga ɗaki yana gyara rawani.

"Sugra, shayin nan fa..."

Sunan Ammi ne ya fito daga bakinsa. Shagufta ba ta waiwaya ba, ta ƙara jawo mayafin ta rufe fuska, ta ci gaba da tatsa.