Fulotin Izak a Bakin Magariba

Shekara ashirin da shida Izak Plaatjies yana tashar hangen sama a kan wani tsauni a hamadar Karoo yana gadin taurari. Ko ɗaya bai ɓace masa ba, ko ɗaya kuma bai tsinta ba. Matarsa ce kaɗai ta ɓace. Ta koma Cape Town, ta ce ta gaji da auren mutumin da ke karya kumallo ƙarfe biyu na rana.

Sai shekara uku da suka wuce wani ɗan jan tauraro ya fara kashe masa ido. Duk kwana goma sha ɗaya haskensa kan ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, wajen awa guda, sannan ya dawo. A sana'arsu ma'anar wannan ita ce wata duniya tana giftawa ta gabansa.

Duniyar da ke kusa da tauraronta haka, fuska ɗaya take ba shi har abada: gefe guda rana ba ta faɗuwa, ɗayan gari ba ya wayewa, tsakaninsu siririn fili na magariba. Nan Izak ya yanki fuloti a zuciyarsa. Kullum in ya kwanta sai ya ƙara wani abu: baƙar ciyawa, rijiya, tumaki masu gajerun ƙafafu saboda iskar da ke tahowa daga gefen ƙanƙara. Bai sa maƙwabci ba, don bai saba ba.

Ranar Juma'a za su aika da takardar sanarwar gano duniyar, da sunansa a sama. Baɗi kuwa zai yi ritaya.

Ranar Laraba yana cin naman rago a ɗakin abinci, Zodwa Dlomo, abokiyar bincikensa, ta zauna gabansa da kwamfuta.

“Oom Izak, ajiye cokalin nan tukuna.” Oom, wato kawu, haka take kiransa.

“In rasuwa aka yi, bari in gama. Naman ba zai jira ta'aziyya ba.”

Ba ta yi dariya ba, ya ajiye.

Shi dai ya bi al'ada: ya ɗora duk raguwar hasken a kan juna ya fitar da matsakaici, don hoton ya fito tsaf. Ita kuwa ta raba su, ta ɗaya da ta uku da ta biyar gefe, ta biyu da ta huɗu gefe. Waɗancan sun fi waɗannan zurfi.

“Duniya ba ta ƙiba yau ta rame gobe,” in ji ta. “Taurari biyu ne can baya, babba da ƙarami, suna tare juna bi da bi. Haskensu ne ya gauraya da na naka.”

“To, tawa fa?”

“Babu ita, Oom.”

Ya bi layukan da ke kan kwamfutar da kallo.

“Wato shekara uku ina leƙen mata da miji.”

“Kai, tsoho, ba ka da dama.” Ta goge ido da bayan hannu. “In kana so mu ɗaga sanarwar, mu ƙara aunawa wata shida. Ba wanda ya sani sai ni.”

Wata shida na baƙar ciyawa. Ya so. Amma tun shekarar farko ya ga raguwa ta huɗu ba ta kai ta uku zurfi ba, ya ɗora wa ƙurar madubin hange laifi, alhali shi da kansa ya tsaya aka wanke madubin a satin.

“A'a, ’yata. Sa ta cikin jerin duniyoyin ƙarya. Ki rubuta cewa ke kika gano, wani dai ya samu wani abu.”

Ya fito. Rana ta take, duwatsu shiru, fararen ɗakunan hange duk a rufe. Ya shiga ɗakinsa ya ja labule, don akwai aiki in gari ya yi duhu kuma dole ya runtsa. Ya zauna bakin gado da takalmansa a ƙafa. Bai san inda zai je ba in ya rufe ido.