Bututun da Ya Bi ta Gefen Baba

Digar ta bugi wani abu da ba dutse ba, ƙarar ta fito a dishe kamar an doki tsohuwar ƙofa. Leburan ya sunkuya ya share ƙasa da hannu, sai ga ruɓaɓɓen katako, ƙarƙashinsa kuma gefen wani ƙyalle da ya taɓa zama fari. Ya yi tsalle ya fito daga ramin, ya bi ta ƙofar gida da gudu, ko silifas ɗinsa bai tsaya ɗauka ba.

Ibiyemi tana ɗakin mahaifiyarta tana goge sabon tayil lokacin da ta ji Rasaki mai aikin famfo yana kiranta da laƙabinta na uwar Tobi, da muryar da ba ta san shi da ita ba.

"Iya Tobi! Iya Tobi, fito!"

Ta zagayo lungun da ke tsakanin ɗakin da katanga. Ta dubi ramin, ta dubi dakalin simintin da ke gefensa mai ɗauke da sunan mahaifinta, ta sake duban ramin. Ta zauna a kan buhun siminti.

"Ba ka ce bututun zai wuce ta gefe ba? Ba ka rantse mini ba, Rasaki?"

"Ta gefen dakali na ce, Anti mi, kuma ga shi ta gefen na bi. Ni na san Baba ba ya ƙarƙashin dakalinsa? Wane irin mutum ne zai kwanta a nan, sunansa a can?"

Ta san amsar. Sai da damina ta baje tudun kabarin kafin yayanta Ajani ya kawo birkila, aka zuba dakalin da kintace. Haka aka yi komai na wannan gida da ke bayan garin Ibadan. Baba, direban babbar mota, ya yi shekaru yana ɗora bulo, layi ɗaya bana, layi biyu baɗi. Duk sanda aka yi zancen banɗaki cikin ɗaki sai ya ce a bari rufi ya hau tukuna, ai ga masai a bayan gida. Rufi ya hau, aka zuba daɓe, aka shimfiɗa tayil, ba a bar wa bututu ko huda ɗaya ba. Da ya rasu, mahaifiyarta, wadda suke kira Maami, ta kafe a binne shi a ƙarƙashin tagarta. Ta ce tana son ta riƙa yi masa barka da asuba, kuma in ɗan nan nasa na Kwatano da ba wanda ya taɓa gani ya ga damar zuwa ziyara wata rana, to sai ya bi ta ƙofarta ya gaishe ta.

Yanzu ga Maami a asibiti, ɓarin jikinta ya shanye, masan bayan gida ya yi mata nisa kamar wani gari.

"To a koma ta falo," in ji Ibiyemi.

Rasaki ya yi dariyar takaici. "Falon da muka fasa shekaranjiya? Ba ki ga ginshiƙin da ke kwance a ƙasa ba? Rodi ɗaya na yanka bangonki ya tsage har taga. In na ƙara yanka wani, ni da ke da gidan duk za mu bi Baba."

"Ta baya fa?"

"Rijiya. Ki haƙa sokawe, ramin tara ƙazanta, a can, ku da maƙwabta ku sha abin da kuka zubar."

"Ka ɗaga daɓen banɗakin mana, yadda ake yi a gidajen haya, bututun ya bi ta sama."

"In ɗaga, a yi matakala uku. Wa zai hau da keken guragun Maami? Ke? Dubi hannuwanki kamar tsinken tsire." Ya goge gumi da gefen rigarsa. "Sokawe yana gaba, ɗaki yana nan, ruwa kuma gangare yake bi. Hanya ɗaya ce, kuma Baba ya riga mu kwanciya a kanta."

"Laifinka ne, da ka auna..."

"Laifina? Da ana zuba daɓen nan an kira ni? Sai an gama kwalliya ake tuna mai famfo, kamar mai wankin gawa." Ya dubi ramin, ya kama bakinsa. "Astagfirullah."

Wani kai mai ɗaurin ɗankwali ya leƙo ta saman katanga. Iya Alakara ce, maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai, wadda labari ba ya kwana a bakinta.

"Iya Tobi, lafiya na ga mutum ya fita a guje ba takalmi? Maciji ne?"

"Maciji ne, Iya. An kashe."

"Ikon Allah. Macijin har da farin zani?" Kan ya nutse.

Ibiyemi ta jawo tsohon kwanon rufi ta rufe ramin, ta kira yayanta Ajani a Legas. Ta ji hayaniyar tasha a bayansa.

"Kin tone Baba?" ya daka mata tsawa. "Ibiyemi, kin tone Baba saboda masai?"

"Boda mi, kai ka sa dakalin a inda ba nan ba."

"Au, ni ne ma? Ki mayar da ƙasar nan yanzu-yanzu kafin dangi su ji. Ki sayi fo babba, ai haka kowa yake jinyar tsohuwarsa."

"Ka zo ka ɗora ta a kai mana. Ka san rabonta da abinci?"

"Ina wurin aiki, zan kira ki." Ya kashe.

Ta hau acaɓa zuwa asibiti da kular tuwon amala a cinya. A bakin ɗakin mata babbar nas ta tare ta, takardu a hannu.

"Yauwa, 'yar Mama. An sallame ku tun safe, akwai mai jiran gadon a kwance a baranda. Kafin la'asar nake son gadona."

"Sista, don Allah ko zuwa jibi..."

"Jiya ma jibi kika ce. Nan ba otal ba ne. Kuma ki ji, uwarki ba ciwon ne zai kashe ta ba, yunwa ce. Ko ruwa sai mun yi da gaske."

Maami tana kwance ta juya fuska bango. Matar da ta yi shekaru tana sayar da atamfa a kasuwar Gbagi, wadda ba ta taɓa fita ba tare da ɗaurin kai ya tsaya cak ba, ta koma kamar tsumma a kan katifa. Tun ranar da wata ma'aikaciya ta ɗora ta a kan tasar bahaya, labule a buɗe, tana yi tana toshe hanci, Maami ta rufe bakinta. Ta yi lissafinta tsaf: abin da bai shiga ba, ba zai fita ba.

"Maami, ga amala da miyar ewedu, da zafinsa."

Idon da ke motsi ya juyo. Maganar ta fito a karkace, da ƙyar.

"An gama... banɗakin?"

"Saura kaɗan."

"In an gama... zan ci." Ta numfasa. "Na wanke ki kina jaririya. Ba za ki wanke ni ba."

"Mene ne a ciki, Maami? Ni 'yarki ce."

"Shi ya sa." Ta lumshe ido, can ta sake buɗewa. "Kina share wa babanki wurinsa? Kar masu aiki su zuba masa shara."

Ibiyemi ta dubi kular da ke hannunta. "Ina sharewa."

Ta roƙi nas ɗin ta ba ta zuwa magariba, ta fito. A hanya mai acaɓa yana ta ba ta labarin tsadar mai, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta yi tunanin ɗauke Maami zuwa ɗakinta na haya, ta tuna masai ɗaya ne na gida goma, ana bin layi da bokiti. Ta yi tunanin zuwa wurin limamin unguwa, ta san abin da zai ce tun kafin ya gyara zama: najasa ba ta bi ta kan mamaci. Ta yi tunanin a tashi Baba a mayar da shi ƙarƙashin dakalinsa, ta tuna sai an tara dangi daga ƙauye, a yi wata guda ana gardama ana cin shinkafarta. Maami ba ta da wata guda.

Ta tarar da Rasaki ya tattara kayansa cikin buhu, yana zaune nesa da lungun.

"Kwance buhun nan," ta ce.

"Anti mi, ni ina da 'ya'ya. Ba zan shiga ramin nan ba ko za ki ba ni gidan."

"Ban ce ka shiga ba. Ka tsaya a sama ka gaya mini yadda ake yi."

Ya buɗe baki yana kallonta. Ta shiga ɗakin Maami ta buɗe akwati, ta ɗauko farin yadin da tsohuwar ta ajiye wa kanta don likkafani. Ta ja kwanon rufin gefe, ta ɗaure zaninta tamau, ta cire takalmi, ta sauka.

Ƙasar tana da sanyi. Ta durƙusa ta shimfiɗa yadin a kan ruɓaɓɓen katakon ba tare da ta bari idonta ya sauka ƙasa da shi ba.

"Baba, ni ce Ibiyemi," ta ce a hankali. "Kai ka ce a bari sai daga baya. To ga daga bayan ya zo. Ka matsa wa matarka kaɗan."

Rasaki ya miƙo mata bulo, ta jera su a gefen katakon, ta cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓen siminti da hannunta. Ya ziro bututun, dogo, ruwan toka.

"Ɗaga can ƙarshen. A'a, ya yi yawa, so kike ya dawo wa Maami ɗaki? Sauke kaɗan. Yauwa. In mahaɗin nan ya taɓa yoyo, Anti mi, kin san inda zai zuba."

"Na sani. Miƙo gam ɗin."

Tana shafa gam a bakin bututun ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ta ji muryar Iya Alakara tana cewa, "Nan ne, nan ne, shiga kai tsaye, ai yau ma ana aiki a wurinsa." Rasaki ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya ja da baya har ya jingina da katanga.

Ibiyemi ta ɗaga kai. Wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, sanye da farar riga, hannu ɗaya riƙe da igiyar rago, ɗayan da carbi. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san goshin nan, ta san faɗin kafaɗun nan, ta san yadda yake karkatar da kai in zai yi magana, duk irin na Baba.

"Sannunku da aiki," ya ce, harshensa da karin mutanen Kwatano. "Nan ne gidan marigayi Lamidi direba? Ni ne ɗansa na fari. Na zo in yi wa babana addu'a."

Idonsa ya sauka kan dakalin, ya karanta sunan. Sannan ya gangaro kan ramin, kan farin yadin, kan bututun da ke hannunta.

"Ƙanwata," ya ce, "me kike sawa a nan?"